Mai gidana Ba'indiye ya ce Ubangijinsu ɗaya ne, to waɗannan hotunan fa?

Ɗan Mamobi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, kuma don Allah wanda zai amsa ya amsa da sani. Ba zagin addinin kowa na zo nema ba.

Ina riƙe da sito a wani shagon kayan wuta can wajen Opera, cikin Akra. Mai shagon Ba'indiye ne, ɗan addinin Hindu, amma haifaffen nan, yana jin Tonanci sarai. Kakansa ne ya taso daga Sindh lokacin da aka raba Indiya da Pakistan a 1947. Mutumin kirki ne, ba zan ɓoye ba. Ran Juma'a tun sha biyu yake sallamarmu mu tafi masallaci, da azumi kuma kowa yana samun shinkafa da sukari.

Bayan kanta, sama da inda yake ajiye kuɗi, ya kafa ɗan katako a bango ya jera hotuna. Akwai mai kan giwa da ƙaton ciki, ga ɓera a gindin ƙafarsa. Akwai mace zaune a kan fure, kuɗi na zubowa daga tafin hannunta. Akwai biri ɗauke da dutse a hannu ɗaya. Sai wani dattijo mai farin gemu zaune a bayan kifi. Kowace safiya, kafin a sayar da ko ƙwan fitila ɗaya, sai ya kunna turaren tsinke, ya haɗa hannuwa, ya yi ta motsa baki.

Shekaranjiya da ciniki ya lafa na tambaye shi cikin ladabi, alloli nawa gare ku? Ya ce ɗaya. Na nuna katakon. Ya yi murmushi ya ce: "Ni mutum ɗaya ne. 'Ya'yana suna ce mini baba, matata da sunan da take kirana, ku kuna ce mini masta, a banki kuma wani sunan ne a takarda. Na zama mutum huɗu? Ku ma ba sunaye 99 gare ku ba?"

Zuciyata ta san ba abu ɗaya ba ne, amma bakina ya kasa faɗin inda bambancin yake, kuma abin ya tsaya mini a rai. Wani abokina kuma ya ce allolinsu miliyan 330 ne. To wanne ne gaskiya? Da gaske Ubangiji ɗaya suke nufi, ko don ya ga ni Musulmi ne ya faɗi abin da zai yi mini daɗi?

'Yar Madina:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi karatun haɗa magunguna a Pune, jihar Maharashtra, kuma a gidan wasu 'yan Hindu na kama ɗaki. Abin da zan faɗa wani na gani da idona, wani kuma sai da na karanta kafin in gane abin da nake gani.

Mai gidanka bai yaudare ka ba. Maganar tana cikin mafi tsufan littafinsu, Rigveda, wanda ya haura shekara 3,000. A kashi na 1, waƙa ta 164, baiti na 46, an ce ana kiransa Indra, ana kiransa Mitra, Varuna, Agni, amma Tabbataccen ɗaya ne, masana ne ke kiransa da sunaye da yawa. Da wuya ka zauna da ɗan Hindu mai karatu a yi wannan zance bai jawo maka baitin nan ba.

Akwai kuma wata muhawara a littafin Brihadaranyaka Upanishad da ta yi daidai da tambayarka. Wani ya tambayi malaminsu Yajnavalkya, alloli nawa ne? Ya ce 3,306. Ya ce na ji, amma tsakani da gaskiya nawa ne? Ya ce 33. Ya sake tambaya, ya ce 6. Ya sake, ya ce 3, sannan 2, sannan ɗaya da rabi, daga ƙarshe ya ce ɗaya. Ya kuma bayyana cewa dubban nan ikon su 33 ɗin ne kawai. Miliyan 330 da abokinka ya faɗa magana ce da ta yaɗu a bakin mutane, a can ma za ka ji ta, amma ba wanda ya taɓa jera maka sunayensu.

Inda aikin yake shi ne ka ce, to ɗayan nan wane ne? Nan suke rabuwa, kuma rabuwa ta gaske, mai littattafai da raddi. Shankara, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8, ya ce ɗayan shi ne Brahman, ba shi da sura, ba shi da kama, duk siffofin da ake bauta wa tsani ne ga zuciyar da ba ta iya kama abin da ba shi da siffa. Har ya kai ga cewa ran mutum a asalinsa ba wani abu ba ne daban da Brahman ɗin. Ramanuja, bayansa da kamar shekara 300, ya ƙi wannan. Ya ce Ubangiji yana da siffofi na haƙiƙa, shi ne Vishnu, rayuka da duniya kuma tamkar jikinsa ne. Madhva a ƙarni na 13 ya fi su tsauri, ya ce Vishnu daban, bayi daban, har abada ba za su haɗu su zama ɗaya ba. Mabiya Shiva sun ce Shiva ne ɗayan. Wasu kuma sun ce ɗayan Uwa ce, ita ce Durga mai hawan zaki, ita ce Kali, ita ce Parvati. Abin da ake koya mana a makaranta, wai uku ne, Brahma mai halitta, Vishnu mai kiyayewa, Shiva mai rusawa, yana cikin littattafansu, amma a aikace Brahma kusan ba a yi masa ɗakin bauta. Sananne shi ne na Pushkar a Rajasthan.

Batun sunaye kuwa, a nan ne ya fi kusa da gaskiya da ya kawo maka 99. Suna da jerin sunaye 1,000 na Vishnu a cikin babban littafinsu na Mahabharata, inda tsoho Bhishma, yana kwance a kan kibau yana jiran ajali, ya karanta wa sarki Yudhishthira su. Uwar ɗakina takan karanta su da sassafe bayan ta yi wanka, kafin ta ɗora tukunya. Shiva yana da nasa dubun, Uwar ma haka, akwai kuma gajerun jeri na 108, adadin ƙwayoyin carbinsu ke nan. Wasu sunayen yabo ne zalla, marar farko, marar ƙarshe, mai gani duka. Wasu kuma labari ne aka dunƙule. Ana ce wa Shiva mai shuɗin maƙogwaro saboda labarin dafin da ya shanye don kada ya halaka duniya. Ana ce wa Krishna Gopala da Govinda saboda ya tashi cikin makiyayan shanu.

Amma sunaye mataki ɗaya ne. Akwai siffa, akwai kuma saukowa. Sun yarda Vishnu yana saukowa duniya ya ɗauki jiki duk lokacin da gaskiya ta yi rauni, haka Krishna ya faɗa a babi na 4 na littafinsu Bhagavad Gita. Sukan ƙirga saukowa 10: kifi, kunkuru, gadu, rabi mutum rabi zaki, wada, Parashurama, Rama, Krishna, sai wani da wasu ke cewa Buddha wasu Balarama, sai Kalki da suke jira.

Yanzu katakon mai gidanka. Mai kan giwa Ganesha ne, ɗan Shiva da Parvati, shi suke fara kira kafin kowane sabon abu don ya kawar da cikas, shi ya sa 'yan kasuwa ba sa rabuwa da shi. Macen Lakshmi ce, ta arziki, furen nan irin bado ne. Birin Hanuman ne, bawan Rama, dutsen da ya ɗauko na ganyen magani ne. Dattijon kan kifi shi ya tabbatar mini mai gidanka Basindi ne. Jhulelal ke nan, na mutanen kogin Indus. A garin Odero Lal, cikin Pakistan ta yau, akwai wurin ziyararsa da 'yan Hindu da Musulmi ke zuwa tare, Musulmin wurin suna ce masa Shaihu Tahir.

Kowane gida da nasa, kowane mutum kuma yana da wanda zuciyarsa ta zaɓa. Uwar ɗakina ta Vitthala ce, na garin Pandharpur, mijinta na Shiva, ɗansu na Ganesha, ban taɓa jin sun yi musu a kan haka ba.

Almajirin Aboabo:

Malama, Allah ya ƙara sani. Kin sauƙaƙa mana aiki.

Ɗan'uwa, ka sani malamanmu sun riga mu duba wannan. Abu Raihan al-Biruni ya koyi Sanskirit, harshen littattafansu, ya zauna da malaman Hindu, ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030. A ciki ya ce masu iliminsu sun yi imani Ubangiji ɗaya ne, madawwami, ba farko ba ƙarshe, gumaka kuma ya danganta su ga gama-garin mutane waɗanda zuciyarsu ba ta natsuwa sai da abin da ido ke gani. Ya faɗi maganarsu yadda suke faɗinta, bai ƙara ba bai rage ba, kuma bai bar addininsa ba. Wannan ita ce hanyar.

Ga abin da bakinka ya kasa faɗi. Sunayen Allah kyawawa duka suna komawa ga Zati ɗaya. Allah ya ce a Suratul Isra'i aya ta 110, ku kira Allah ko ku kira Ar-Rahman, duk wanda kuka kira, sunaye mafi kyau nasa ne. Babu suna ɗaya a cikinsu da ya ware ya zama wani mai fuskarsa, mai iyalinsa, mai abin hawansa, mai ranar bikinsa. Ba ma zuwa wajen Ar-Razzaƙ don ciniki mu koma wajen Al-Fattah don buɗi kamar ƙofa biyu. Ka riƙe misalin da shi da kansa ya ba ka. Baba da masta mutum ɗaya ne, gaskiya. Amma baban bai haifi mastan ba, ba sa kuma zama su biyu su yi zance. Malama ta gaya maka Ganesha ɗan Shiva ne, Hanuman bawan Rama ne. Misalinsa ya ɗauki sunaye, bai ɗauki ɗa da uba ba. Mu kuwa Ƙulhuwallahu ta rufe wannan ƙofa: bai haifa ba, ba a haife shi ba, babu tamkarsa. Suratush Shura aya ta 11 ta rufe ta siffa, babu abin da ya yi kama da shi.

Kuma yarda da Mahalicci ɗaya shi kaɗai bai zama tauhidi ba, sai an kaɗaita shi da bauta. Mutanen Makka sun san Allah ne ya yi sama da ƙasa, amma suka ce ba ma bauta wa waɗannan sai don su kusantar da mu gare shi, Suratuz Zumar aya ta 3. Mu a Kumasi wannan ba baƙon zance ba ne. Tonawa suna da Onyame, suna kiransa Onyankopon, suna kiransa Odomankoma, ba su ce yana da na biyu ba, amma ga su Tano da sauran ƙananan abubuwan bauta da suke kira abosom a ƙarƙashinsa. Tun zamanin sarki Osei Bonsu akwai malamai Musulmi a fadar Asantehene, sarkin Asante, sun zauna da mutanen nan lafiya, sun san inda aka haɗu da inda aka rabu.

Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka yi wa hotunan nan dariya, kada ka bari yaran shago su yi. Suratul An'am aya ta 108 ta hana mu zagin abin da wasu ke kira, don kada su zagi Allah da jahilci.

Hajiyar Odoko:

Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta mini, ni nake faɗa.

'Ya'yana, kuna ta maganar Indiya, abin yana nan bayan gidana. A Odoko akwai gidan ibadar 'yan Hindu tun 1975, kuma ba Indiyawa ne suka cika shi ba, su Kofi da su Ama ne, baƙaƙe irinmu. Wanda ya kafa shi, Swami Ghanananda, ɗan ƙasar nan ne daga Senya Beraku, ya je Indiya ya yi karatu ya dawo, ya rasu a 2016. Ina sayar da wake da shinkafa, wasunsu masu sayen abincina ne. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, sai gari da taliya, har miyar sai sun tambaya me aka sa a ciki. Ban taɓa jin ɗayansu ya zo a buge ba.

Abin ya daɗe yana shigowa. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, yana cikin sojan da Turawa suka kai yaƙin Boma, ta Indiya suka bi. Shi ya sa ma barikin nan na Akra ake ce masa Burma Camp. Da suka dawo, labarin Indiya ne a bakinsu, masu zaman dutse, masu asiri. Sannan fim ya zo. Muna 'yan mata muna zuwa silman Dunia a Nima, mu ga mace ta shiga ɗakin gunki tana kuka tana kaɗa ƙararrawa, sai abin da ta roƙa ya faru. Mutane da yawa daga nan suka ɗauka Indiya gidan asiri ce, wasu neman asirin ne ya fara kai su.

Wata maƙwabciyata 'yar Ga da ke zuwa can, na taɓa tambayarta irin tambayarka. Ta ce ita abin bai zame mata baƙo ba, don a gidansu ana kiran Ubangiji Ataa Naa Nyonmo, uba da uwa a haɗe, ga kuma abubuwan bautarsu, su Nai da Sakumo da Korle. Ta ce a Hindu ba wanda ya ce ta zubar da na kakanninta. Na ce mata mu kam an ce mu zubar, kakanninmu ma sun bar su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima don haka. Muka rabu a nan. Da mijinta ya rasu ƙona shi suka yi, na je na yi mata gaisuwa, raina bai so ƙonawar ba amma na je. Da na yi aikin ido ita ta riƙa kawo mini ruwa.

'Yar Madina:

Mma Hajiya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kin tuna mini da gidan ibada na Medie, a hanyar Nsawam, 'yan Hare Krishna. Ƙungiyarsu an kafa ta a New York a 1966. Su idan ka tambaye su ba za su ce duka ɗaya ne ba. Za su ce Krishna ne Ubangiji maɗaukaki, su Ganesha da Indra masu yi masa hidima ne. Ka ga a cikin Akra kaɗai amsa biyu.

Allah gafarta Malam, na yarda da duk abin da ka faɗa a kan sunaye. Wuri ɗaya nake so a yi hattara. Idan Ɗan Mamobi ya je wa mai gidansa da ayar Zumar, zai iya ce masa ni ba haka na yi imani ba. Da yawansu ba sa ɗaukar Lakshmi ko Shiva a matsayin ɗan aike da zai kai su wajen wani babba. Cewa suke Ubangijin ne da kansa a wannan fuskar. Wannan ya fi kusa da abin da malamanmu suka tattauna a babin hululi, wato cewa Allah yana shiga cikin halitta. Hukuncin a wurinmu bai sauya ba, amma gara a amsa wa mutum abin da ya faɗa.

Gunkin ma ba bakinsu ɗaya a kansa ba. A Pune ana bikin Ganesha kwana 10, wanda Tilak, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Indiya, ya mayar na jama'a a 1893. Ana ƙera Ganesha da yumɓu, a yi addu'ar gayyato shi ya shiga, a yi ta hidima, ran ƙarshe a yi addu'ar sallama a kai yumɓun ruwa ya narke. Na ga tsofaffi suna hawaye a bakin kogi. Wasu za su ce maka yumɓu masauki ne kawai. Mabiya Ramanuja kuwa sun ce a'a, wanda aka keɓe a ɗakin bauta shi ne da kansa, ya ƙasƙantar da kai don bayinsa su gan shi. Sannan ga 'yan Arya Samaj, da Dayananda Saraswati ya kafa a Bombay a 1875, su sun haramta gunki gaba ɗaya, sun ce babu shi a Veda, littattafansu na asali, kuma 'yan Hindu ne.

Ɗan Mamobi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya, yau na ce masa dattijon kan kifi Jhulelal ne, ya tsaya yana kallona, ya ce wa ya gaya maka? Ya ce kakarsa ce ta zo da hoton a cikin akwatinta.

Malam, saura ɗaya. Lokacin bikinsu na fitilu, Diwali, yakan raba mana alewar madara. Wata a kwali take zuwa daga shago, wata kuma na ga sai ya ajiye ta gaban hotunan tukuna sannan ya miƙo mana. Ya halatta in ci?

Almajirin Aboabo:

Malama, na karɓi gyaranki, haka ne. A amsa wa mutum abin da ya faɗa.

Ɗan'uwa, karɓar kyautar wanda ba Musulmi ba halal ne, Annabi (SAW) ya karɓi kyautar Muƙauƙis sarkin Masar. An kuma ruwaito cewa wata mata ta tambayi Nana A'isha game da kyautar da Majusawa ke kawo musu ranar idinsu, ta ce abin da aka yanka don wannan rana kada ku ci, amma ku ci daga 'ya'yan itatuwansu. Saboda haka ta kwalin nan, idan babu giya ko wani haram a ciki, ka karɓa ka yi godiya ka kai wa yara.

Wadda aka ajiye gaban hotunan daban ce. Su a wurinsu an miƙa ta ga abin bautar, ya sa mata albarka, cinta kuma shiga ne cikin ibadar. Ayar Baƙara ta 173 a kan yanka ta sauka, amma malamai da yawa sun haɗa da duk abincin da aka gabatar ga wanin Allah, ni ma a nan na tsaya. Kada ka karɓa ka je ka zubar a ɓoye, idan ya gani zai ji ciwo fiye da a ce ka ƙi. Ka same shi tun kafin bikin, ku biyu, ka ce masa masta, don Allah nawa a ware mini kafin a kai gaban katako. Idan ya tambayi dalili ka gaya masa gaskiya. Ka kuma faɗa wa sauran yaran shagon Musulmi, don ku zama baki ɗaya, kada ya ga ɗaya ya ci ɗaya ya ƙi ya ɗauka ƙiyayya ce. Allah ne mafi sani.